Rauta biyu gare mu, amma intanet ya ɗauke

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin ofishinmu. Muna da rauta biyu ƙirar Cisco, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutocinmu da intanet, kowacce da layin intanet ɗinta, dukansu a jone da suwic ɗaya, akwatin da kebul ɗin kwamfutocin ke haɗuwa a cikinsa. Na saita HSRP, tsarin Cisco da ke sa rauta ɗaya ta karɓi aikin ɗaya in ta tsaya, na ba ta farko lambar fifiko 110 don ta zama mai aiki, ta biyu na bar ta a 100. In na zare wa ta farko wuta, ta biyu takan karɓi aiki cikin daƙiƙa goma. Amma ranar da layin ta farko ya yanke, wuni muka yi ba intanet, alhali ɗayan layin lafiya lau. Me na bari?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da ka saita ya yi daidai, sai dai mutuwar rauta kaɗai ka yi wa tanadi, ba mutuwar layi ba.

A HSRP rautocin biyu suna tarayya a adireshin IP ɗaya, wanda kwamfutocinku suka sani a matsayin ƙofar fita. Duk bayan daƙiƙa 3 sukan aika wa juna saƙon "ina nan". Sai mai jira ta yi daƙiƙa 10 ba ta ji ɗuriyar mai aiki ba, sannan ta karɓi ragama. Goman da ka gani ke nan. To ranar da layi ya yanke, rautar farko tana nan da ranta, tana ta aika saƙonta ta cikin suwic. Ta biyu ba ta da dalilin motsawa.

Maganin shi ne ka sa ta farko ta riƙa sa ido kan layinta, in ya faɗi ta rage wa kanta fifiko. Amma kula da lissafin, domin a nan na fi ganin ana tuntuɓe. In ba ka faɗa mata adadi ba, 10 za ta rage. Ka ga 110 ta dawo 100, an yi kunnen doki, kuma mai jira ba ta ƙwace aiki sai fifikonta ya ɗara na mai aiki. Don haka rubuta:

standby 1 track 1 decrement 20

Ko da ta sauka zuwa 90, ba abin da zai faru in ba ka ba ta biyu izinin ƙwacewa ba, saboda a HSRP wannan izini a kashe yake zuwa. Sa standby 1 preempt a kan dukansu. A ta farko ina son a ƙara delay minimum 60, don in ta farfaɗo ta dakata minti ɗaya hanyoyinta su daidaita kafin ta karɓe aikinta.

Abin da za a sa wa ido ma, wato wanda track 1 ke nufi a umarnin can, yana da muhimmanci. Sau da yawa kebul ɗin da ke tsakanin rauta da akwatin kamfanin intanet yana nan da fitilarsa kore shar, yankewar tana can gaba. In ƙofar kebul kawai kake dubawa, ba za ka gane ba. Ni na fi yarda da IP SLA: rautar ta riƙa ƙwanƙwasa wani adireshi na waje ta wannan layin kaɗai, in an daina amsawa ta ɗauka layi ya mutu.

Da a ce ɗaya rautar ba Cisco ba ce, VRRP za ka yi amfani da shi, tsari mai aiki irin na HSRP wanda kamfanoni suka yi tarayya a kansa. Shi duk daƙiƙa 1 yake aika saƙo, izinin ƙwacewa kuma a kunne yake zuwa.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne suwic ɗaya tilo. Ranar da ya tsaya, rautocin biyu ba su da amfani. In da hali a ƙaro na biyu.

In ka gama, jira a tashi daga aiki, ka zare kebul ɗin da ke shigo da intanet cikin akwatin kamfanin, ba na wuta ba. Buga show standby brief a kan ta biyu. In ka ga Active, wato ta karɓi aiki, ka mayar da kebul, ka jira mintin nan ka tabbatar aiki ya koma wa ta farko.