Kada ka sayar da tsohon kan jirgin ƙasanka na wasa saboda hoton katalog

Ɗan'uwa, sau biyu na karanta tambayarka, sai da na ajiye waya na ɗan zaga kafin in iya zama in ba ka amsa, don labarina ka bayar kamar kana nan aka yi. Ka ce ka gani a sabon katalog za a sake yin ƙaramin kan jirgin ƙasan nan na wasa mai tururi irin naka da sabon mazubi, wato ƙarfen da ake zuba roba a ciki ta fito da siffar jirgin, ana kuma ta raɗe-raɗin zai iso kafin ƙarshen shekara, shi ne kake tambaya ko ka sayar da tsohon tun yana da daraja ka zuba kuɗin a odar sabon. Don Allah kada ka sayar. Ka bar shi a kan dogo yana zagayensa har ranar da za ka riƙe kwalin sabon da hannunka.

Koma ka buɗe shafin nan ka duba da kyau, hoton me suka sa? In hoton ainihin jirgin ne, babban, yana tsaye a tasha yana hayaƙi, to ba su da komai a hannu sai niyya. In zanen kwamfuta ne, irin mai launi-launi ɗin nan, an ɗan motsa, amma ba a yanka ƙarfen mazubi ba tukuna, kuma nan ne kuɗi suke, nan ne kamfani yake iya cewa a dakata. In ka ga samfurin toka, wanda ba fenti, ƙafafunsa suna kan dogo, to an yi mazubi. Ni yanzu ba na ɗaga kai sai na ga samfurin fenti da lambarsa a jiki. Ko shi ɗin ma sai an mayar da shi masana'anta an gyara launi, an jira layi, an ɗora a kwantena. Akwai ɗan ƙaramin rubutu a gefen hoton ko a bayan katalog da yake cewa abin da zai fito zai iya bambanta da hoto, lokacin fitowa ma zai iya canzawa. Duk muna gani muna tsallakewa.

Ni na tsallake, na kuma ji a jikina.

Nawa dizal ne, ƙirar kamfanin Lima, kore. Duk wanda ya taɓa riƙe na Lima ya san ƙararsa, kamar ana niƙa, ga robar nan ta ƙafa da take ɓata dogo. Amma shi ne kan jirgi na farko da na mallaka, ni na sake masa waya, ni na sa masa fitila da hannuna, akwai ma wani ɗan tabo a rufinsa inda bakin ƙarfen soda ya taɓa, har yau in na rufe ido ina ganin wurin. Shekara da shekaru bai taɓa ƙin tashi ba. Sai wani ƙaramin kamfani, ba zan kama suna ba, ya fito da sanarwa cewa zai yi irinsa sabo fil: inji a tsakiya yana jan duk ƙafafu, wurin dikoda ('yar na'urar da ake sarrafa jirgin da ita), wurin lasifika, fitilar cikin ɗakin direba. Suka fitar da 'yar takarda mai sheƙi, shafi huɗu, da zanen kwamfuta ta gaba da ta gefe. Na manna ta a bango saitin inda nake zama.

A lokacin akwai wani a cikinmu, tsofaffin nan za su gane shi, wanda kullum shi ne mai labarin ciki. Shi ne yake da aboki a masana'anta, shi ne aka nuna wa samfur a ɓoye aka ce kada ya ɗauki hoto. Ya same ni ya ce, “Malam, ranar da sabon nan ya sauka, naka ko kyauta ka bayar ba mai karɓa. Rabu da shi yanzu.” Ba sau ɗaya ya faɗa ba. Da dare ma sai ya turo saƙo, wai an ce masa an kusa gama mazubi. Har mai saye ya kawo mini, wani da ban sani ba, ya taya da wulaƙanci, na sallama. Na naɗe shi a tsumma na sa a kwalinsa na asali, wanda na adana tun ranar farko, na miƙa. Na haɗa kuɗin da na aljihuna na biya kamfanin nan gaba ɗaya, don sun ce wanda ya biya duka shi ne a sahun farko.

Shekara ta farko ana turo mana labari duk wata. Ta biyu ya koma bayan wata uku, kullum da sabon dalili: an samu kuskure a siffar tagogi, masana'anta ta tafi hutun sabuwar shekara, an canja masana'anta. A ta uku aka nuna mana hoton wani abu mai launin toka, daga nesa, a kan tebur. Na yi ta faɗaɗa hoton nan a waya ina neman ƙafafu, ban gani ba. Daga baya na gane bugun firintar 3D ne kawai, mai fitar da siffar abu, ba daga mazubi ya fito ba. A ta huɗu na aika saƙo ya fi goma, shiru kamar an shuka dusa. Wata safiya na shiga shafinsu na tarar da 'yan layuka cewa sun rufe. Ba tsuntsu ba tarko. Na je na tsaya a gaban teburin da na shimfiɗa dogona a kai, taragu shida a jere a tasha ba abin da zai ja su, takardar nan tana bango ta koɗe. Mai ɗakina ta leƙo ta ce lafiya, na ce lafiya. Me zan ce mata? Ita ce tun farko ta ce in ga abu tukuna.

Amma ba ma kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba. Bayan kamar wata biyu mutumin nan mai labarin ciki ya sa bidiyon teburinsa, ina kallo sai ga koren dizal ya fito daga rami yana ƙararsa. Na tsayar da bidiyon na duba rufin. Tabon yana nan. Ashe mai sayen da ya kawo ɗan aike ne. Na yi masa magana a gefe, ya ce ai ciniki aka yi, ba ƙwace ba. Gaskiyarsa, ba ƙwace ba ne. Na ce to ya sayar mini, ya ce ya saba da shi. Ya saba da shi! Har yau in na ga ya rubuto cewa majiya mai tushe ta gaya masa kaza zai fito, sai in ji wani abu ya tokare ni a ƙirji. Ban ce duk mai kawo jita-jita yana da wata manufa ba, yawanci zumuɗi ne kawai irin namu, amma ka lura da wanda yake matsa maka ka sayar, ka tambayi kanka me ya dame shi da kayanka.

Kuma kada ka ce ai naka babban kamfani ne. Manya ba sa gudu da kuɗin mutum yadda ƙananan da ba su da jari suke yi, na yarda, amma jinkiri bai bar kowa ba, don yawancinsu ba su suke ƙera kayan da kansu ba, masana'antun ƙasar Sin suke ba wa aiki, kowa yana bin layi. Ka tuna a 2008 Kader, uwar kamfanin Bachmann mai yin irin waɗannan jiragen, ta sayi masana'antar Sanda Kan wadda take yi wa kamfanoni da yawa aiki, a 2010 kuma aka sallami da dama daga cikinsu aka ce su nemi wani wuri. Wanda katalog ɗinsa ya riga ya fita fa? Haka mutane suka yi ta jiran gawon shanu. A watan Maris na 2021 jirgin ruwan nan Ever Given ya toshe mashigin Suez kwana shida, duk kwantenar da ta biyo hanyar ta makara. Märklin da kanta, mai yin jiragen wasa ta Jamus da aka kafa tun 1859, ta shiga halin karayar arziki a Fabrairun 2009, a shekarar da take cika 150, sai a 2013 ta samu mai saye. Hattons, dillaliyar jiragen wasa ta Ingila da mutane suka yi shekaru suna ajiye oda a wurinta, ta sanar da rufewa a Janairun 2024. Ba wanda ya ga ko ɗaya daga cikin waɗannan a katalog.

Shi ya sa na ji daɗin abin da Bachmann ta koma yi daga 2020, sanarwa duk bayan wata uku, kuma galibi abin da ya kusa isowa suke faɗa. Wasu a nan sun yi ta ƙorafi wai an kashe daɗin jira, ba a ba mutum lokacin tara kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar tara kuɗin. Amma ni da na ɗanɗana jiran shekara huɗu, gara a ce mini ga shi nan tafe in rasa kuɗin saye, da a jiƙa mini rai da zane.

In ka ga lallai sai ka yi oda, nemi dillalin da zai rubuta sunanka ba tare da ya cire komai ba sai kaya sun sauka, akwai su. In kafin alƙalami suke so, ya zama abin da in ya tafi ba za ka kasa barci ba. Ka ajiye rasit da hoton shafin da aka rubuta alkawarin, don shafuka suna canzawa cikin dare. Ka tambaya kuma, in farashi ya tashi kafin ya iso, wanne za ka biya, na ranar oda ko na ranar sauka? Ni ban tambayi komai ba, kunya ta hana ni, kada a ce ban yarda da su ba.

Wani abin da ba ka tambaya ba amma zan faɗa: kwanar dogonka nawa ce? Sababbin nan yawanci ana rubuta musu kwana ta biyu, wato milimita 438 daga tsakiyar da'ira zuwa dogo a dogon kamfanin Hornby, alhali tsofaffin da yawa suna bin ta farko mai 371, wadda ta fi matsewa, ba gardama. Mai tururi kuma, da doguwar ƙafa da bututai sirara a ƙasa, shi ya fi fitina. Na ga wanda sabonsa ya iso, kyakkyawa kamar ka sa a gilashi, ya ɗora a dogo, kwanar farko ya sauka. Ga ƙananan tarkacen da suke zuwa a leda, ka manna su su hana ƙafar gaba juyawa, ka bar su kuma ka ji kamar ba ka gama ba. Rukunin farko ma wani lokaci yakan zo da matsala, launi bai yi daidai ba ko haƙoran inji suna ƙara, sai a rukuni na biyu a gyara. To in tsohonka yana nan, me ya dame ka? Sai ka jira waɗanda suka riga ka su buɗe nasu su gaya mana.

Maganar ya faɗi daraja kuma, eh, zai ɗan faɗi in sabon ya fito, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ai ba don riba ka saye shi ba. Kuma kullum akwai mai neman tsohon da zai ba yaro, ko wanda zai yanka ya sake wa fenti, ko mai ƙaramin tebur mai matsattsiyar kwana irin wadda na faɗa.

Kada ka ɗauka na daina son katalog. Ina! Janairu na yi, lokacin da Hornby ta saba fitar da jerin shekara, su Märklin da Piko da Roco kuma suna fito da nasu gab da bajekolin kayan wasa na Nuremberg, ni ma ina nan ina lissafi kamar kowa. Hasashen ma yana da hanya in mutum yana so ya yi shi don nishaɗi. Ka duba shekarun cika: Hornby ta fito da samfurin tsohon kan jirgin nan Rocket a 2020 da take cika shekara 100 da fara jiragenta, kan jirgin Flying Scotsman na 1923 ya cika ɗari a 2023 aka yi ta fito da shi kala-kala, 2025 kuma shekara 200 da buɗe layin dogon Stockton da Darlington a Ingila, ga Locomotion, kan jirgin da ya buɗe layin, an yi. Ka duba wane mazubi ne ya tsufa a jerinsu. In ka ga an fito da taragun wani zamani ba kan da zai ja su, akwai magana. In ka ga ma'aikatan kamfani a gidan tarihi suna auna wani kan jirgi da na'ura, nan ma akwai magana. Sau da yawa ina cankar daidai, har in yi ta murna ni kaɗai. Sai dai yanzu fensir nake sa wa in zagaye lambar kayan, in rubuta ranar da na fara gani a gefe, in rufe. Akwai wanda na zagaye shekara uku ke nan, kowace shekara yana dawowa a sabon katalog da zanen nan dai, an canja masa wata kawai.

Na samu wani koren ɗan Lima daga baya, na hannu, ƙafa ɗaya tana ɗan rawa. Shi yake jan taragu shidan nan yanzu. Ban sa masa fitila ba, na kasa.

Ɗauko hoton shafin da ka gani ka sa mana a nan, da ɗan rubutun da yake ƙasansa, mu duba tare ko samfur ne ko zane. Ka faɗa mana kwanar dogonka, da kuma wanda ya fara ce maka ka sayar.