Amsa: ƙanwarka mai son karatun likita

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ƙanwarka za ta samu burs, wato tallafin karatu, don karatun likita a ƙasar waje. Tunda tana ajin ƙarshe na sakandare a seri D (ɓangaren kimiyya) kuma ita ke ta ɗaya, kar ku jira sakamakon BAC, jarrabawar gama sakandare. Burs ɗin gwamnatin Turkiyya ta intanet ake nema, yawanci daga Janairu zuwa Fabrairu, ɗan ajin ƙarshe ma yana iya cikewa. Amma fa likitanci sai mai maki 90 cikin 100, kuma za ta fara da shekara guda ta koyon Turkanci. Na Maroko da Aljeriya kuwa ta ANAB, hukumar burs ta Nijar, suke bi, bayan BAC. Ku yi mata fasfo tun yanzu. Ni dai ban raina Jami'ar André Salifou ba, nan Damagaram ana karatun likita, ga ta kusa da Inna.