Amsa ga Hajiyar da ta tambaya kan yoga da cakra da kundalini

Wa alaikumus salam Hajiya. Tun jiya da daddare naga tambayarki amma nace bari sai na samu natsuwa, don naga amsoshin da aka baki duk kalma ɗaya ce, wannan yace haramun ne wancan yace ai motsa jiki ne kawai, kuma babu wanda ya gaya miki menene abin. Ga waɗanda basu gani ba, cewa tayi likita ya bata shawara ta riƙa yin yoga saboda ciwon baya da take fama dashi tun haihuwarta ta uku, da ta shiga YouTube sai taji ana ta maganar cakra da kundalini da buɗe ido na uku, shine take son sanin da gaske akwai waɗannan abubuwan a jikin mutum, kuma in tayi bata taɓa addininta ba?

Ni ba malama bace, fatawa sai malamai. Amma nayi shekara huɗu da rabi a Maisur ta jihar Karnataka a kudancin Indiya ina karatun fisiyo, wato gashin ƙashi, kuma Maisur ɗin nan tana cikin garuruwan da yoga ta zamani ta fito daga cikinsu. Akwai unguwar da ake kira Gokulam, in kin fito sallar asuba zaki ga turawa maza da mata akan ƙananan babura kowa da tabarmarsa ta roba a naɗe a baya, sun baro ƙasashensu wata biyu wata uku don wannan kawai. To abinda na gani da idona da wanda na tambaya aka gaya min shi zan faɗa miki.

Nima ciwo ne ya kaini. A shekarata ta biyu wuyana da kafaɗa suka riƙe saboda duƙawa akan littafi, wata ƙawata 'yar ajinmu ta jani wani aji kusa da gidan da muke haya. Kafin a fara komai sai kowa ya miƙe ya haɗa tafin hannu a ƙirji, aka ja "om" mai tsawo sannan aka rera wasu baitoci da harshen Sanskrit. Ni dai na tsaya hannuna a ƙasa bakina a rufe. Da aka tashi naje na sami malamin nace don Allah me kuka faɗa ɗazu, wallahi mutumin bai ɓoye min komai ba, yace muna sunkuyawa ne ga ƙafafun malamanmu, sannan muna sunkuyawa ga Patanjali wanda ake siffantawa fari mai kawuna dubu riƙe da ƙahon kodi da faifai da takobi. Yace in addininki ya hana kiyi shiru, ba wanda zai tilasta miki. Wannan gaskiyar tasa har yau ina ganin girmansa saboda ita, domin masu sayar da abin a intanet su ne ke ɓoyewa, 'yan Hindu na gaske basa jin kunyar cewa abin yana da tushe a addininsu.

Shi Patanjali ɗin shine ya tattara ƙa'idojin yoga a wasu gajerun jumloli guda 195 ko 196, ya danganta da bugun da mutum ya riƙe. Tun a jumla ta biyu ya faɗi ma'anar yoga a wurinsa, wato tsayar da kai-komon tunani a zuciya. Ya kasa hanyar gida takwas. Na farko abubuwan da mutum zai bari, cutar da mai rai da ƙarya da sata da bin sha'awa da tara abin duniya. Na biyu tsafta da wadatar zuci da horar da kai da karatu da miƙa wuya ga abin bauta. Sai a na uku ne ake zuwa ga asana, wato zaman jiki, kuma jumla uku kacal yayi akanta, abinda yake nufi ma shine mutum ya iya zama daram ba tare da wahala ba na tsawon lokaci. Daga nan sai sarrafa numfashi, sai janye gaɓɓai daga abinda ke waje, sai tsayar da hankali wuri ɗaya, sai zurfafa a ciki, sai na ƙarshe da suke kira samadi. Kinga kenan lanƙwashe-lanƙwashen da muke gani a bidiyo ɗan yanki ne ƙwarai. Manufar gaba ɗaya ita ce tsira, kuma tsira a wurinsu ba irin tamu bace, su sun yarda mutum yana mutuwa ransa ya sake dawowa a wani jiki gwargwadon aikinsa, shine karma da samsara, to mutum ya fita daga wannan zagayen kwata-kwata shine mokasha.

Maganar cakra kuma ba daga Patanjali ta yaɗu ba, daga littattafan tantara da hatha yoga ne da suka zo ɗaruruwan shekaru bayansa. Wanda ya zaunar dani ya min bayaninta surukin matar da muke haya a gidanta ne, tsoho ne malamin makaranta mai ritaya, kullum da yamma yana zaune a baranda kusa da tukunyar wani tsiro da suke girmamawa mai suna tulsi. Ya ɗauki bayan wata takardar kuɗin wuta ya zana mutum a zaune ya harɗe ƙafa, yace bayan wannan jikin na nama akwai wani jiki mai laushi da ido baya gani, a cikinsa akwai hanyoyi da ake kira nadi har 72,000 da iskar rai ke bi, ita iskar sunanta prana. Uku ne manya. Ida tana hagu ana danganta ta da wata da sanyi, pingala tana dama ana danganta ta da rana da zafi, sai sushumna a tsakiya tana bin tsawon gadon baya. Ya ɗiga ɗigo shida akan ta tsakiyar yace su ne cakra, ɗaya a can ƙasan gadon baya, ɗaya ƙasa da cibiya, ɗaya a cibiya, ɗaya a ƙirji, ɗaya a maƙogwaro, ɗaya tsakanin gira biyu wanda shine ido na ukun da kika ji, sannan ya zagaye tsakar kai yace nan kuma furen bado ne mai ganye dubu. Kowace cakra fure ce da adadin ganyenta, ta ƙasa huɗu ta ƙirji goma sha biyu ta tsakanin gira biyu kacal, kuma kowacce akwai harafin da ake maimaitawa dominta da abin bautar da ake hasko shi zaune a ciki. Kundalini kuma yace min abar bautarsu Shakti ce tana barci a cakrar ƙasa kamar macijiya da ta naɗe sau uku da rabi, aikin mai yoga ya tashe ta ta hau ta ratsa furannin nan ɗaya bayan ɗaya har ta haɗu da abin bautarsu Shiba a tsakar kai. To Hajiya kinji da kunnenki, wannan ba bayanin lafiya bane, aƙida ce cikakkiya da alloli a cikinta.

Akan ko akwai su a jiki, a shekarar farko ana shigar damu ɗakin fiɗa, gawa ce a gabanmu cikin warin maganin da ake adana ta, mun buɗe gadon baya mun ga laka da jijiyoyin da ke fita daga cikinta, mun bi su ɗaya ɗaya da ƙaramin hantsaki. Babu fure babu macijiya babu hanyoyi 72,000. Na faɗa wa tsohon nan haka sai yace ai wuƙa bata ganinsu, abu ne da mai zama yake haskowa a zuciyarsa har ya ji shi. Kuma littattafan nasu ma basu haɗu akan adadi ɗaya ba, wani yace huɗu wani biyar wani ya wuce goma. Dalilin da yasa bakwai ta zama ita kowa ya sani, wani alƙali Bature ne a Kalkata mai suna John Woodroffe ya fassara ɗaya daga cikin littattafan zuwa Turanci a 1919, turawa suka riƙe wannan. Launukan bakan gizo da kike gani, ja a ƙasa har zuwa shuɗi da shunayya a sama, da maganar wai cakrarki ta toshe shiyasa kuɗi basa zama a hannunki ko aure ya ƙi, duk ƙari ne da aka yi daga baya a ƙasashen yamma. Duk wanda yace ki turo kuɗi ya buɗe miki cakra ko ki sayi wani dutse mai launi, ki riƙe kuɗinki.

Amma kar in zalunce su, abinda mutane ke cewa suna ji a jikinsu ba duka ƙarya bane, fassarar ce muka sha bamban. Misali in kin sa yatsa a ƙarƙashin hancinki yanzu zaki ji ƙofa ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, bayan wasu awanni su canza, wannan sananne ne a likitanci, su kuma suka ce ida da pingala ne ke karɓa-karɓa. Numfashi a hankali da tsawaita fitar da iska yana rage bugun zuciya da gaske, na gwada akan marasa lafiya na gani. Akwai kuma wanda yake da haɗari. Wata rana a wani aji daban, ba na malamin farko ba, aka samu yin kapalabati, wato fizgar numfashi da sauri ana buga ciki, mai koyarwar yana ta cewa ku ci gaba ku ci gaba. Yatsuna suka fara tsira-tsira, leɓena yayi sanyi, naga haske yana walƙiya, wata yarinya a gefena ta zube hannayenta sun ƙandare kamar mai farfaɗiya. Shi kuma wai murna yake yana cewa ƙarfinta ne ya fara tashi. Raina ya ɓaci sosai ranar, domin a aji an koya mana wannan, in mutum ya yawaita numfashi da sauri iskar da ya kamata ta saura a jini tana raguwa, jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa su tsuke, sai jiri da ƙandarewa. Ni na tallabe ta nasa ta numfasa a hankali har ta dawo, ban sake taka wurin ba. Su kansu suna gargaɗi akan kundalini, akwai wani mutumin Kashmir Gopi Krishna da ya bada labarin yadda abin ya same shi a 1937 ya shafe shekaru baya barci baya iya cin abinci yana tsoron hauka. Mai damuwa ko wanda ya taɓa samun taɓin hankali kada ya kusanci irin wannan.

Shi kuwa motsa jikin da likitanki yake nufi, yawancinsa sabon tsari ne. Krishnamacharya ne ya koyar dashi a fadar sarkin Maisur wajajen 1930 zuwa sama, ɗalibansa irin su Iyengar da Pattabhi Jois suka kai shi duniya. A ciki akwai jerin da ake kira surya namaskar, ma'anarsa gaisuwa ga rana, matakai goma sha biyu, wasu suna haɗawa da ambaton sunayen rana. Musulmin Indiya sunyi ta ƙorafi akansa lokacin da aka fara ranar yoga ta duniya a 21 ga Yuni 2015, kuma ba'a saka shi a tsarin da gwamnati ta fitar na ranar ba. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana musulmi yoga a 2008, ta Indonesiya a 2009 ta hana wadda ke da rera baitoci da ibadar Hindu ta bar wadda motsa jiki ce zalla, Saudiyya kuma a 2017 ta sa ta cikin wasanni. Kuma ba yau malamanmu suka fara leƙa abin ba, Albiruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci kusan shekara dubu da suka wuce don a san me mutanen suke cewa.

Abinda ni nayi, kuma har yanzu shi nake yi a wurin aiki, na ɗauki miƙar jiki da numfashi a hankali, na bar om da baitoci da haɗa hannu da gaisuwar rana da duk wani hasko cakra. Ban ma kiransa yoga, domin mafi yawan abinda bayanki ke buƙata muna dashi a fisiyo da sunayenmu. Ki kwanta rigingine ki tanƙwara gwiwa ki ɗaga ƙugu sama ki riƙe kamar daƙiƙa biyar ki sauke, sau goma. Ki durƙusa akan hannu da gwiwa ki gantsare baya a hankali sannan ki ƙudundune shi. Ki jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji ki riƙe ki canza. Da tafiyar ƙafa ta minti ashirin ko talatin kullum. In kinji ciwon ya ƙaru ki tsaya, kada ki biye wa masu cewa a daure.

Sai dai kafin ki fara don Allah ki gaya min, ciwon a baya kawai yake tsayawa ko yana sauka har ƙafa? Kina jin ƙafar tana mutuwa ko tana miki nauyi? Haihuwar da kanki kikayi ko aiki aka miki, kuma wata nawa yanzu, sannan kina da hawan jini? In akwai mutuwar ƙafa ko kina kasa riƙe fitsari, wannan ki ajiye maganar motsa jiki gefe ki koma asibiti yau ɗin nan. In babu, ki amsa min waɗannan a nan sai in tsara miki na sati biyun farko, Allah ya baki lafiya.