Rasiɗin buhu 600 a kan kaya buhu 400

Wani ɗan kasuwar hatsi daga yankin Gumel ya aiko da tambaya. An ba shi kwangilar kai masara buhu 400 na rabon tallafi, sai jami'in da ke karɓar kayan ya ce ya rubuta 600 a rasiɗi, a raba kuɗin sauran. Yana son sanin ko akwai tukuici idan ya kai rahoto, kuma ko doka za ta kare shi.

Alhaji, kada ka sa hannu a takardar nan. Ranar da bincike ya zo, sunanka da hatiminka za a gani, shi kuwa jami'in babu inda ya rubuta komai.

Tukuici akwai. A Disambar 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da tsarin fallasa ɓarayin dukiyar gwamnati, inda mai ba da bayani ke samun kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari. Amma sai an ƙwato kuɗin, kuma sai bayanin ya zama wanda gwamnati ba ta da shi tun farko. Idan aka ƙwato Naira miliyan 10, rabonka bai wuce dubu 500 ba. Wanda ya tona dala miliyan 43 da aka ɓoye a wani gida a unguwar Ikoyi ta Legas a Afrilun 2017 ma sai da ya yi watanni yana bin haƙƙinsa. Don haka kar ka sa wannan kuɗi a lissafin jarinka.

Bincika kuɗin na wa ne. Tsarin na tarayya ne, idan kuɗin na jiha ko ƙaramar hukuma ne, hukumomin yaƙi da cin hanci na EFCC da ICPC na iya karɓar ƙorafinka, amma kada ka sa rai da kaso.

Batun kariya shi ne inda nake so ka natsu. Tsarin 2016 manufa ce ta gwamnati, ba dokar majalisa ba. Abin da za ka dogara da shi shi ne sashe na 64 na dokar ICPC ta 2000, wanda ya hana bayyana sunan mai ba da bayani. Wannan sashen kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga wanda ya kai ƙarya da gangan. A ƙauye kuwa, inda kowa ya san wanda ya kai masara, ɓoye suna ba ya hana zargi, kuma kana iya rasa kwangilar gaba.

Tun yanzu tattara takardar kwangila, takardar lodi, lambar motar da ta ɗauki kayan, shaidar biya ta banki da duk saƙon da jami'in ya turo maka. Ka bar kwafi wurin wanda ka amince da shi. Rubuta abin da ka gani da idonka kaɗai, da rana da wuri, ka nuna wa lauya kafin ka miƙa, kuma ka karɓi shaidar an amshi takardarka. Kada ka kai maganar Facebook ko majalisar kasuwa, domin zai ji, ya gyara takardunsa, ya kai ka ƙarar ɓata suna.