Yadda ake yanka ruwan kogi a faranti

Yarona, ka tambaye ni abin da ya sa kogin Rayin da ke cikin tsohon zanen birnin Kolon na ƙasar Jamus yake kamar yana tafiya, alhali kogin da ka yanka a farantin ƙarfe na buga zane ya fito baƙi ƙirin, a daskare. Dalilin yana cikin tazarar layukanka, sannan da irin ƙarfen da mutanen wancan zamani suka yi aiki a kansa.

Ka riga ka san cewa tawada a cikin ramin layi take zama, domin ana goge fuskar faranti tas kafin a ɗora takarda mai danshi a matsa da inji. Ashe ke nan duk hasken da kake gani a kan ruwa farin takarda ne da aka bari ba a taɓa ba. Kai kuwa ka cike kogin daga gaɓa zuwa gaɓa da layuka masu zurfi ɗaya. Gwanayen Ingila na shekarun 1830 a kwance suke jan layukan ruwa, masu kauri da tazara a kusa da mai kallo, suna siranta su suna matse su yayin da kogin ke yin nisa, kuma suna katse layi nan da can domin haske ya ratsa. Dubi babbar majami'ar da ke tsakiyar zanen, da na'urar katako ta ɗaga dutse a kan hasumiyar da ba a gama ba, domin sai a 1842 aka koma ginin, aka kammala a 1880. Inuwarta a cikin ruwa ba ta da layin gefe ko ɗaya. Mai aikin ya ƙara wa layukan ruwan kauri ne kawai a daidai inda inuwar ta faɗa, suna wuce wurin suka koma sirara.

Batun ƙarfe kuma, jan ƙarfe yana da laushi, kuma siraran layuka su ne farkon gogewa idan bugu ya yi yawa. Jacob Perkins, mutumin Amurka, ya je Ingila a 1819 da dabarar yanka zanen takardun kuɗi a farantin baƙin ƙarfe mai tauri, masu buga littattafai suka karɓe ta, saboda faranti ɗaya yana ba da kofe dubbai ba tare da layinsa ya mutu ba. Kasuwa kuma a buɗe take, don bayan yaƙin Napoleon ya ƙare a 1815 matafiya sun yi ta bin kogunan Turai. Haka aka sami littafin zane-zanen Tombleson, wani mai zane ɗan Ingila, na garuruwan bakin Rayin a 1832, da zane-zanen Turner, shi ma mai zane ɗan Ingila, na kogunan Luwar da Sen na ƙasar Faransa daga 1833 zuwa 1835.

Kada ka ɗauka da hannu suka yanka komai. Taurin ƙarfen ya sa yawancin aikin a kan kakin da aka shafa wa faranti ake zana shi, asid ya ci layukan, sannan a ƙarasa da bakin alƙalamin ƙarfe, sararin sama kuwa sau da yawa inji ne ke jan layukansa. A ganina a ruwa ake gane gwani, domin nan ne hannu ya fi aiki. Shi kansa Turner yakan karɓi bugun gwaji daga masu yanka zanensa ya kankare shi ko ya shafa farin alli inda yake son ƙarin haske.

Farantinka na jan ƙarfe ne, saboda haka gyaransa ba wuya. Ka kankare layukan tsakiyar kogin, ka goge wurin ya yi santsi, ka bar masu kaurin a bakin gaɓa, sannan ka buga gwaji ka kawo mini mu duba tare.