Tsohon gidan katako a Footscray: in kankare fentin ko in lulluɓe shi da roba?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni da maiɗakina mun tara shekara da shekaru muka sayi ƙaramin gidan katako a Footscray, yammacin birnin Melbon na ƙasar Ostireliya. An ce tun wajajen 1890 aka gina shi. Ƙaramar hukuma ta ce yana cikin gidajen tarihi, sai da izini zan taɓa fuskarsa. Fenti duk ya ɓaɓɓare. Wani mai gyara ya ce katakon ba shi da wata daraja, in kankare da inji ko in lulluɓe da roba. Muna da ɗa mai shekara biyu, kuma tana da juna biyu. Na rasa barci, ko asara na saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a gidan, ya sauki iyali lafiya. Ba asara ka saya ba. Irin gidanka na leburori ne, waɗanda suka yi aiki a mayanka, majema da masana'antun bakin kogin Maribyrnong. Dokar gini ta Melbon ta 1849 ta takura ginin katako a tsakiyar birni, sai talaka ya fita bayan gari, irin su Collingwood da Richmond, ya kafa nasa. Da kuɗi suka yi yawa a shekarun 1880 aka yanka filaye ƙanana, aka jera waɗannan gidaje: turakun itace a ƙasa, falankai a jiki, kwano a sama, baranda a gaba. Duba fuskar gidan da kyau. In ka ga an tsaga katakon murabba'i-murabba'i kamar sassaƙaƙƙen dutse, wannan kwalliyar mai ƙaramin ƙarfi ce da yake son gidansa ya yi kama da na masu hali. Darajar tana jikin wannan katakon na asali da kuma jerin gidajen layin. Roba kuwa danshi take ɓoyewa, katako ya ruɓe, gara ta ci ba ka gani.

In kana son tarihin gidan, nemi taswirorin hukumar ruwa da magudanai ta birnin, wadda aka kafa a 1891, a ɗakin karatu na jihar Victoria. Za ka iya ganin zanen gidanka har da bayan gida a bakin lungu. Kundin adireshi na Sands & McDougall zai nuna maka waɗanda suka zauna ciki shekara bayan shekara.

Maganar izini ba ta kai yadda ake tsorata mutane ba. Rushewa ko sauya fuska ne ke buƙatarsa. Gyaran da aka mayar da katako da katako irinsa galibi ba ya buƙata, cikin gida ma yawanci ba ruwansu. Takardun suna da jan rai, na sani, amma ka nemi amsarsu a rubuce kafin ka ɗaga guduma.

Yanzu ga abin da ya tayar min da hankali a wasiƙarka: injin kankara. Wallahi kusan kullum sai na ji wani ya ce "ai fenti ne kawai". Ba fenti ne kawai ba, dalma ce. Fentin da aka shafa a Ostireliya kafin 1965 yakan kai rabinsa dalma. Sai a shekarar aka rage zuwa kashi 1 cikin 100, a 1997 aka mai da shi 0.1. Gidan 1890 an shafe shi sau ba adadi. Sa wuƙa a ƙasan taga ka yanka a karkace, za ka ga launi a kan launi kamar shafukan littafi, na can ƙasa fari mai kauri. Wannan farin shi ne gubar. Muddin yana manne bai cika cutarwa ba. Ranar da ka sa masa inji ya zama ƙura, ta shiga kafet, ta kwanta a ƙasar tsakar gida, ba ta ruɓewa. Ɗanka yana wasa a nan, hannu a baki. Mai ciki kuma abin da ya shiga jininta yana isa ga ɗan tayi.

Mu da muka ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara fiye da 400, ba mu ne za a koya wa wannan ba. Ta fenti ba kasafai take kisa haka ba, ɓarnarta a ɓoye take: yaro ya yi jinkirin magana, ya kasa riƙe karatu, kuma ƙwaƙwalwar da ta taɓu ba ta komawa yadda take. Na taɓa zuwa wani gida na tarar da mai fenti yana kankara a bushe, ƙura fari fat a kan keken yaro, kayan jariri a shanye a igiya. Da na yi magana ya ce shekara 20 yana haka bai mutu ba. To ai ba shi ne mai shekara biyu ba! Duk wanda ya ba ka farashi bai gwada fentin ba, ka sallame shi. Haka mai zuwa da wutar ƙona fenti, hayaƙinta ya fi ƙurar muni.

Sayi abin gwajin dalma a shagon kayan gini, ko ka aika ɓawon fentin ɗakin gwaji. Inda fentin ke riƙe, a shafa sabo a kansa. Inda ya ɓare, a jiƙa a kankare da hannu ko a sa maganin narkarwa, a shimfiɗa leda, a rufe tagogi, iyali su koma wurin 'yan'uwa har a share da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗakin girki ko wanka da aka ƙara a baya kada ka huda bangonsa, faranti masu asbestos, wanda shaƙar ƙurarsa ke cutar da huhu, sun cika gyare-gyaren kafin 1990, wannan aikin mai lasisi ne. Tunda ka ce fentin ya riga ya fara zuba, ka kai yaron da mahaifiyarsa wurin likita cikin makon nan a auna dalmar jininsu.