Amsa kan kamfanonin da ke raba kasuwa tsakanin Najeriya da Nijar

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka tambaya ko hukumar kula da gasar kasuwanci ta Najeriya, wato FCCPC, za ta iya kama kamfanin da ke zaune a Nijar ko Benin idan ya haɗa baki da na nan suka tsayar da farashi, kuma ko hukumomin ƙasashen suna taimakon juna. Na daɗe ina duba wa diloli masu kai kaya Maraɗi ta Jibiya takardun yarjejeniyarsu, shi ya sa zan ɗan tsoma baki.

A takarda dai tana iya. Dokar 2018 da ta kafa ta ta hau kan duk mai shigo da kaya ko sayar da su a Najeriya, ko a ina yake zaune, kuma tarar haɗa baki kan farashi tana kai kashi 10 cikin ɗari na cinikin shekarar da ta gabata. Matsalar ita ce hujja. Jami'in Abuja ba shi da ikon shiga ofis a Maraɗi ya buɗe durowa ko ya karɓi wayar manaja. Sai hukumar can ta yi masa, idan ta ga dama, kuma idan dokarta ta yarda ta miƙa sirrin kamfani ga wata ƙasa.

Ga yadda abin yake a ƙasa. Wani kamfani da ba zan kira sunansa ba ya taɓa kawo wa wani dila takarda mai sharaɗin kada ya sayar wa duk wanda ya san zai tsallaka boda da kayan. Kowane buhu da lambarsa a gindi. Yaran kamfanin sukan zaga kasuwannin bakin iyaka suna duba lambobi, duk dilan da aka ga buhunsa a ɗaya ɓangaren sai a rage masa tirela a wata mai zuwa, ba wasiƙa ba komai. Wannan kaɗai ba lallai ya zama laifi ba, don kamfani yakan ware wa dilolinsa yanki. Inda laifin yake ƙarara shi ne kamfanoni biyu masu hamayya su zauna su ce kai riƙe Katsina, ni in riƙe Maraɗi, kada wani ya shiga gonar wani.

Irin wannan aka bankaɗo a harkar siminti a Afirka ta Kudu. Manyan kamfanonin can sun raba kasuwar ƙasar har da ta Botswana, Lesotho, Namibiya da Swaziland, suna bin diddigin juna ta alƙaluman ciniki da ƙungiyarsu ke tattarawa. Ɗaya daga cikinsu, kamfanin PPC, ne ya tona asirin a 2009 don a yafe masa, aka ci kamfanin AfriSam tarar kusan rand (kuɗin ƙasar) miliyan 125 a 2011, kamfanin Lafarge kuma kusan miliyan 149 a 2012. Tarar ta shiga baitulmalin Afirka ta Kudu, alhali magina a maƙwabta su ma sun sha tsadar. Kuma ka lura, wanda zai tona yana lissafi: in na faɗa a nan aka yafe mini, can fa? In babu tabbacin yafiya a ɓangarorin biyu, shiru zai yi.

A yankinmu ECOWAS ta amince da dokokin gasa tun 2008, amma sai 2019 hukumarta, ERCA, ta buɗe a Gambiya, kuma a Oktoban 2024 ta fara karɓar takardun haɗewar kamfanoni masu aiki a ƙasashe daban-daban. Nijar kuwa 'yar UEMOA ce, ƙungiyar masu kashe sefa, inda babban iko kan gasa yake hannun hukumar ƙungiyar a Wagadugu. To, a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS, Najeriya kuma dama ba ta UEMOA. Ka ga ke nan Kano da Maraɗi, da suke ciniki tun kafin a ja iyakar, yau ba wata hukumar yanki guda da ke kansu duka. Benin ta fi sauƙi, tana cikin ƙungiyoyin biyu. Akwai yarjejeniyar gasa ta kasuwar bai-ɗaya ta Afirka da aka amince da ita a 2023, amma ni ban ɗora mata rai a nan kusa ba.

Sai dai a yi hattara, tashin farashi lokaci guda a ɓangarorin biyu ba hujja ba ce. Canjin naira da sefa, kuɗin man dizal, da rufe boda irin na 2019 da na bayan juyin mulkin 2023, duk suna ɗaga kaya tare.

In kana da zargi, Alhaji, ka kai ƙara FCCPC, ka nuna cutar da aka yi wa mai saye a Najeriya, don nan ne take da haƙori. Ka adana rasiɗai masu kwanan wata, saƙonnin WhatsApp na wakilan kamfani, da duk takardar da ta ambaci yanki ko farashi. Saƙon murya ma kada ka goge, yawancin irin wannan umarni da baki ake ba da shi.